Yadda na gyara kaset ɗin abokina na Damagaram

Mun daɗe muna musayar kaset-kaset na tsofaffin waƙoƙin fada da na noma da wani abokina mazaunin Damagaram, ko da yake ba mu taɓa haɗuwa ido da ido ba, direbobin tasha ne ke kai saƙo su dawo da wani. Bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, sai kaset ɗin da ya naɗi muryarsa a farkonsa yana bayanin makaɗan ya tsinke a cikin rediyo. Samfurin C90 ne, mai minti 90, wanda zarensa ya fi na C60, mai minti 60, rashin kauri, shi ya sa yake saurin cukurkuɗewa.

Kwanson na manne ne, don haka na tsaga shi a hankali, na mayar da zaren cikin wani kwanso mai kusoshi. Na sa reza na yanke kimanin santimita 10 da suka lalace, kuma tun da zaren kaset yana tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa ɗaya, asarar ba ta wuce daƙiƙa 2 da ɗoriya ba. Na haɗa bakin biyu ta bayan zaren da siririn tef na wannan aiki. Ban yarda da salatif ba, domin danƙonsa yana narkewa da zafi ya manne sauran zaren.

Da sauti ya fito a dushe, na goge kan na'urar, wato ɗan ƙarfen da ke karanta zaren, da auduga da sifirit, ya washe. Nan take na jona rediyon da kwamfuta, na naɗi ɓangarorin biyu da manhajar Audacity a tsarin ajiye sauti na WAV, na adana kwafi a wurare biyu, na kuma tura ɗaya ga iyalinsa.