Yadda Ake Haɗa Celeron Biyu a Kan Abit BP6

Abit BP6 babban allon kwamfuta ne (motherboard) na 1999, gurbin Socket 370 biyu gare shi, wato inda ake saka furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta. Nemi furosesa Celeron biyu masu gudu ɗaya, samfurin Mendocino, kamar 366 MHz. Celeron samfurin Coppermine ba sa aiki tare, kada ka yi asarar kuɗinka.

1. Zare wuta, ka duba kafasitoci, wato ƙananan gwangwanayen da ke tsaye a kan allon. Duk wanda kansa ya kumbura, a canza shi tukuna.
2. Ɗaga sandar gurbi, daidaita kusurwar Celeron da ta gurbin, ka saka shi. In ya ƙi shiga, kada ka danna, ƙafafun na lanƙwashewa.
3. Shafa man sanyaya kaɗan, ɗora wa kowanne fanka.
4. A BIOS, wato shafin saitin allon, bar gudun bas (hanyar sadarwar furosesa da allon) a 66 MHz.
5. Saka Windows 2000 ko Linux, domin Windows 98 furosesa guda ɗaya kawai yake gani.