Kira ya shiga, hoto ya ƙi zuwa: kurakuran saita NAT tsayayye don taron bidiyo

NAT dabara ce da rawuta (na'urar da ke haɗa gida da intanet) ke musanya adireshin cikin gida da na waje; tsayayye shi ne a ɗaure na'ura ɗaya da adireshin waje ɗaya da ba ya sauyawa. Kafin ka taɓa rawuta, tambayi da me za a yi taron. In Zoom ne ko Google Meet, ba ka buƙatar NAT tsayayye, su ke fita su nemi sabarsu. Wannan aiki na na'urorin ɗakin taro ne irin na Polycom da Cisco, masu amfani da ƙa'idojin kira na H.323 ko SIP, waɗanda ake kira daga waje.

Matsalar da ta fi cin rai: kira ya shiga amma allo baƙi ƙirin, ko suna jin ka kai ba ka jin su. Ɗauki saƙon kira kamar wasiƙa: NAT adireshin bayan ambulan kawai yake canzawa, na'urar kuwa ta rubuta adireshinta na cikin gida, a ce 192.168.1.20, a cikin wasiƙar. Sai na can ɓangaren ya riƙa tura hoto zuwa adireshin da ba shi da hanya a intanet. Magani biyu ne: ko ka rubuta adireshin waje a saitin NAT na na'urar, ko ka bar ALG na rawuta, wato sashen da ke leƙa cikin wasiƙar, ya gyara saƙon. Ɗaya za ka ɗauka, in ka haɗa su sukan yi karo. Ni na fi son kashe ALG, ya cika shisshigi. A rawutar Cisco, umarnin kashe na SIP: no ip nat service sip udp port 5060.

Wasu su buɗe ƙofa (port) 1720 ta TCP don H.323, ko 5060 don SIP, su ce an gama. Waɗannan na sallama ne kawai. Murya da hoto ta ƙofofin UDP suke bi, masu sauyawa. Ƙayyade su a na'urar, ka buɗe su a katangar tsaro.

An rubuta ip nat inside source static daidai, an manta sa ip nat inside a mahaɗar gida da ip nat outside a ta waje? Umarnin show ip nat statistics zai nuna maka. Kar kuma ka bar DHCP, mai raba adireshi da kansa, ya raba wa na'urar adireshi, gobe ya ba ta wani.

Duba adireshin da kamfanin intanet ya ba ka. In ya faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, kana bayan NAT ɗinsu ne, kira daga waje ba zai iso ka ba sai sun ba ka adireshin waje naka na kanka.

In komai ya yi, buga write memory don adana saitin. In ba haka ba, ranar da aka ɗauke wuta saitin ya bi ta.