Umarnin girmamawa a Sifaniyanci: inda masu koyo suka fi tuntuɓe

Duk wanda kake kira usted (wato "kai" ko "ke" ta girmamawa) a Sifaniyanci, likita ne, jami'in shige da fice ne, ko dattijon da ka tarar a tashar jirgi a Madrid, ba a ba shi umarni da sigar da ake ba aboki. Kuma galibin ɓarnar a wasalin ƙarshe take.

Mai koyo ya haddace usted habla, sai ya ɗauko habla ya miƙa wa babba a matsayin umarni. To ai wannan ta tú ce ("kai" ko "ke" ta sabo), irin wadda za ka jefa wa ƙanenka. Ta girmamawa juya wasali take yi: aikatau mai ƙarewa da -ar ya ɗauki -e, masu -er da -ir su ɗauki -a. Don haka hable, coma, escriba. In mutanen da yawa ne a ƙara -n: hablen, coman.

Kuskure na biyu, gina umarni daga sigar da ke cikin ƙamus. Daga nan ne ake samun su tena da pona, waɗanda ba daidai ba ne ko kaɗan. Fara daga sigar yo, wato ta "ni", ka cire -o. Tengo ta ba ka tenga, pongo ta ba ka ponga, digo kuma diga, hago ta zama haga. Kaɗan ne suka ƙi wannan hanya, su kam sai hadda: vaya, sea, sepa, esté, dé. Wajen rubutu a kula da buscar da pagar da empezar, domin busque, pague da empiece ake rubutawa.

Akwai kuskuren da Bahaushe ya fi kowa saurin faɗawa ciki. Mu in za mu girmama dattijo sai mu ce "ku zauna, Baba", ko da shi kaɗai ne. Sifaniyanci bai san wannan ba. In ka ce wa mutum ɗaya siéntense, waiwayawa zai yi ya ga su wa kake nufi. Shi kaɗai siéntese ne. Girmamawar tana cikin usted ɗin kanta, wadda ta samo asali daga vuestra merced, wato "alherinku", shi ya sa aikatau ɗinta yake tafiya kamar ana maganar wani na uku. Ustedes, jam'in usted, adadi kawai take ƙarawa, har ma a Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka da ita ake yi wa yara magana in suna da yawa, inda a yawancin Sifaniya za a ce vosotros.

Inda aka fi shan wuya, a ganina, shi ne wurin ajiye wakilin suna. In umarnin na "yi" ne, a manne shi a bayan aikatau, su zama kalma ɗaya: dígame (gaya mini), wadda za ka ji an amsa waya da ita a Sifaniya, ko tráigalo (kawo shi). In na "kada" ne, ya dawo gaba ya tsaya shi kaɗai: no me diga, no lo traiga. No dígame kuskure ne, me diga a matsayin umarni ma haka. Sannan mannewar kan jawo 'yar alamar nan ta saman wasali, don ƙarfin murya ya tsaya inda yake: diga ba ta da ita, dígame tana da ita. Deme kuwa, tun ƙa'idar rubutu ta 1999, babu alama ake rubuta ta, duk da cewa dé tana da ita.

In wakilan suna biyu suka haɗu, le (masa ko mata) ba ta zama gaban lo ko la (shi ko ita), se take komawa. Kana so ka ce wa babba ya gaya wa wani, dígaselo za ka ce, in hani ne kuma no se lo diga.