Renon ɗan yaye a Ingila lokacin kulle: ga Zazzagawa sababbin zuwa

A Tudun Wada ko Samaru yaro ba ya ramewa a ɓoye. Kaka za ta ɗaga shi ta ce ya yi sakayau, gwaggo ta lura har yanzu bai fara tatata ba. A gidan haya a Ingila kuwa, balle in annoba ta sa an kulle gari kamar a Maris 2020, daga ke sai maigida. Dole rubutu ya tsaya a madadin idanun dangi.

Ku fara yi wa yaron rajista wurin likitan unguwa, wato GP, kyauta ne. Ku miƙa katin rigakafin da kuka taho da shi, domin jadawalinsu ya bambanta da namu, za su cike abin da ya rage. Ku kuma nemi jan littafin da ake rubuta nauyi da tsawon yaro.

In asibiti ta dakatar da awo, sikelin gida ya isa. Ki hau ke kaɗai, ki sake hawa ɗauke da shi tsirara, ki cire na farko daga na biyu. A ajiye sikelin a daɓe mai tauri, kafet yana sa shi ƙarya. Bayan shekara 1, sau ɗaya a wata 3 ya wadatar. Awon kullum tayar da hankali kawai yake jawowa. Abin dubawa shi ne ko layinsa a littafin yana hawa, ko ya tsaya cak.

Inda mutanenmu suka fi sakaci shi ne bitamin D. Ranar Zariya ta ɗauke mana wannan nauyin ba mu sani ba. A can, daga Oktoba zuwa Maris rana ba ta da ƙarfin da fata za ta sarrafa shi, baƙar fata kuma ta fi jinkiri, ga zaman ɗaka. Ƙashi sai ya yi laushi, ƙafa ta lanƙwashe. Hukumar lafiyarsu, NHS, ta ce ɗan shekara 1 zuwa 4 a ba shi maikirogiram 10 kullum. Ɗigo ne, ana samu a kemis.

Ki yi masa Hausa, Hajiya, kada ki ji tsoro. Harshe biyu ba ya jinkirta magana; barin yaro da waya yini guda ne matsala. Kiran bidiyo da kaka daban ne, domin tana amsa masa gwarancinsa. Ya samu awa 3 na motsa jiki a warwatse cikin yini, ko da bin ƙwallo ne a falo. Kada a ba shi gyaɗa guda-guda kafin shekara 5, tana shaƙe yaro, kuma ba a sa wa ɗan ƙasa da shekara 3 takunkumin fuska.

In ya kai wata 18 bai taka ba, ko shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu kamar "ba ni", ku kira jami'ar lafiya mai ziyarar gida, kada ku jira a buɗe gari. Zazzaɓin da ya ƙi sauka, a buga 111, lambar neman shawarar NHS. Numfashi da ƙyar ko suma, a buga 999, lambar agajin gaggawa.