Yadda ake gina tawagar tseren kwale-kwale daga Satumba zuwa Maris

A nan Ingila kakar tseren kwale-kwale a watan Satumba take farawa, amma gasar da kowane kulob ke buri, ta Henley da ake yi tun 1839, ba ta zuwa sai wajen farkon Yuli. Ni da nake horar da matasa a wani kulob a bakin kogin Thames a Landan, babban aikina a watannin farko shi ne hana su sauri. Kowa ya dawo hutu jininsa na tafasa, so yake ya nuna wa koci shi ne gwani. In ka biye musu, kafin Disamba rabinsu na fama da ciwon baya.

Fara da dogon tuƙi a hankali. A kan injin atisayen tuƙi na Concept2, wanda ake ja a ƙasa kamar ana cikin jirgi, sa su yi awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi, suna ja 18 zuwa 20 a minti. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: in na tsaya kusa da yaro na tambaye shi ya gida, ya amsa min da cikakkiyar magana ba tare da haki ya sarƙe shi ba, to yana kan daidai. In ya kasa, ya rage. Dalili kuwa, tseren mita 2000 yana ɗaukar jirgin maza takwas wajen minti shida, kuma mafi yawan ƙarfin da ake ƙonawa a ciki daga zuciya da huhu yake fitowa. Waɗannan sai an ba su watanni. Masu bin Olamfik za su tuna Hamadou Djibo Issaka na Nijar, wanda ya fafata a tafkin Dorney a 2012 bayan atisayen wata uku kacal. Jarumta kam yana da ita, jama'a sun miƙe suna tafa masa, amma shi ya zo na ƙarshe, don wata uku ba sa gina abin da abokan karawarsa suka shekara da shekaru suna ginawa. Atisaye mai zafi sau ɗaya ko biyu a mako ya isa.

Duk bayan mako huɗu zuwa shida a yi gwaji iri ɗaya: minti 30 a kan inji, ja 20 a minti, ba ƙari. Kowa ya rubuta mitocinsa a littafi. Gwajin mita 2000 a bar shi sai bayan sabuwar shekara.

A kan ruwa kuwa, da kaka na fi son ƙananan jirage, na mutum ɗaya ko biyu. Jirgin mutum takwas yana rufa wa mai kuskure asiri, na mutum biyu kuwa nan take yake tona shi. Tsarin jan bai canzawa: ƙafa ta tura, ƙugu ya buɗe, hannu ya ƙarasa, a komawa hannu ne kan gaba, sai ƙugu, sai gwiwa ta lanƙwashe a hankali. Sababbi da hannu suke son ja, alhali ƙarfin yana cinya. Kuskuren da ya fi cin gudun jirgi shi ne rugawa gaba a kan kujera mai silalawa. Ka zuba ido a wutsiyar jirgin: in tana nutsewa kaɗan, jirgin ya yi kamar ya dakata duk lokacin da filafilai za su shiga ruwa, to rugawa suke yi. Sannan ka dubi gurbin da kowane filafili ke bari a ruwa, ɗan kewayen kumfa mai juyawa. Na wanda ya kama ruwa da kyau matsattse ne, mai duhu, yana daɗewa bai watse ba. Na mai wanke saman ruwa fari ne fat, ya baje. Tazarar da jirgi ke ci tsakanin waɗannan gurabe da shigar filafilai na gaba ita ce shaidar cewa aiki na kyau, kuma ina duba ta tun kafin in dubi agogo. Haɗin kan kuwa kamar na masu lugude ne, da kunne ake kama shi. Wani lokaci nakan sa su rufe ido su yi ja goma, jagoran da ke riƙe da linzami shi kaɗai ke kallon hanya.

Kada a yi wasa da sanyi. Daga ƙarshen Oktoba, da an mayar da agogo baya, duhu na shigowa da wuri, dole a ɗaura farar fitila gaba da baya. Wanda bai ci gwajin iyo ba, bai kuma koyi fita daga kifaffen jirgi ba, ba ya hawa. In jirgi ya kife, a riƙe shi, kada a ce za a yi iyo zuwa gaɓa. Bororon hannu kuma, kafin tafi ya yi kanta, a wanke da sabulu a rufe, domin ruwan kogi na ɗauke da cutar da ake samu daga fitsarin ɓera. Ita ake dangantawa da rasuwar Andy Holmes a 2010, mutumin da ya ci zinare a Olamfik na 1984 da 1988.

Tseren wannan lokaci na dogon zango ne, ba a jera jirage kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya bayan ɗaya ake sakin su, da tazarar kamar daƙiƙa goma, agogo ne alƙali. A Thames ana yin na mutum huɗu da kaka, na mutum takwas a Maris, daga Mortlake zuwa Putney, kilomita 6.8, wato hanyar da jami'o'in Oxford da Cambridge ke bi a tserensu amma a juye. Steve Fairbairn ne ya kafa na mutum takwas a 1926, don kulob-kulob su sami abin da za su yi wa aikin hunturu. Lokacin da ruwa ke janyewa zuwa teku ake yin sa, saboda haka jagoran da ya san inda ruwa ya fi zurfi da gudu yana samar wa mutanensa daƙiƙoƙi a kyauta, wanda ya yanke kwana kuwa ya faɗa mataccen ruwa. Abin da nake gaya wa nawa kafin su sauka: "Ku kama kiɗanku kafin gadar Barnes, kada ku kori kowa. Tseren bayan gadar Hammersmith yake." A nan ne, daura da filin ƙwallon Fulham, ake cim ma waɗanda suka ƙone tun farko.

In sakamako ya fito, kada ka kwatanta lokacin bana da na bara, don iska da gudun ruwa ba sa zama ɗaya. Matsayi ma yana yaudara. Zaɓi kulob uku ko huɗu da kuke kai ɗaya, ka riƙa bin tazarar da ke tsakaninku daga tsere zuwa tsere. A ce sun ba ku daƙiƙa 40 a Nuwamba, a Fabrairu ta koma 25, to kuna tafiya, ko da lambarku a jeri ba ta motsa ba.

Zaɓen wanda zai zauna a jirgi na ɗaya ma kada a gaggauta. Bayan Janairu a fitar da jirage biyu na mutum huɗu, su kara, a musanya mutum ɗaya daga kowanne, su sake karawa, a ga inda tazara ta koma. Lambar inji kaɗai ba ta isa hujja ba. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa cikin wannan tsakani, don haka mai azumi ya sanar da koci tun da wuri: a mayar masa da atisaye mai nauyi bayan buɗa-baki, na safe ya zama mai sauƙi, kada kuma a sa masa gwajin zaɓe da la'asar. Da an gama tseren Maris sai a fara ɗaga yawan ja a hankali, a koma kan mita 2000.