Yadda na gyara sautin tsohon faifan garmaho

Faifan garmaho ne na kiɗan gargajiyar Turai, irin mai juyawa sau 78 a minti. Da na juye shi a kwamfuta sai ƙaiƙayin sauti ya yi yawa, muryar goge kuma ta dushe kamar an lulluɓe ta da bargo.

Allura ce matsalar farko. Ramin waɗannan faifai ya fi na LP (faifai mai dogon kiɗa da ya zo daga baya) faɗi, siririyar allura takan nutse can ƙasa ta kwaso datti. Na sa mai kauri, ƙarar ta ragu nan take.

Dushewar ce ta fi cin raina. Na'urata tana daidaita sauti da ma'aunin RIAA (ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka), wanda sai a 1954 aka tsayar da shi, faifan kuwa ya girme shi, kuma a zamaninsa kowane kamfani da nasa ma'aunin. Na sake ɗauka ba tare da RIAA ba, na daidaita da hannu a manhajar gyaran sauti ta Audacity har gogen ya buɗe. Sannan na haɗe sautin hagu da na dama, tunda tun asali hanya ɗaya aka naɗe shi.

A 24 bit, 96 kHz, wato sauti mai inganci sosai, na yi aikin, na adana a FLAC, tsarin da ba ya zubar da komai daga sautin. Ban yarda MP3 ya shigo ba sai bayan gyara, domin abin da ya zubar ba ya dawowa.