Yadda za ki gane irin fatarki kafin ki kashe kuɗi a man shafawa

'Yar uwa, kafin ki sayi wannan man da ƙawarki take ta kuranta miki, fara gwada wannan a gida, ko sisi ba za ki kashe ba. Ki wanke fuska da sabulu mara ƙarfi (ban da sabulun wanki dan Allah), ki tsane da tawul, kar ki shafa komai, ki yi zamanki kamar minti 30 zuwa awa ɗaya a inuwa, ba a kicin gaban murhu ba don zufa za ta rikita miki lissafi. Sai ki ɗauko tishu ki danna a goshi, hanci, haɓa da kumatu.

In duk inda kika danna ya yi naso, fatarki mai maiƙo ce, irin wadda hoda ba ta kai azahar. In tishun ya fito fes amma fuskar tana ɗaurewa kamar an ja ta, ta yi furu-furu, busasshiya ce. In goshi da hanci ne kawai ke ƙyalli kumatu kuwa a bushe, to kin haɗa biyu, kuma irin wannan tana da yawa. Wadda ba ta ga ko ɗaya ba sai godiyar Allah.

Mai maiƙo, kuskurenki shi ne wanke fuska sau biyar a rana da sabulun salo wai don ta bushe, sai ta yi ta zogi kurajen kuma suna nan, sau biyu ya isa sannan mai mara nauyi. Kuma ki daina matse kurji, a baƙar fata tabon ya fi kurjin daɗewa, wani sai ya yi watanni. Mai busasshiya, man kaɗanya ko basilin, ki shafa da kin fito wanka jiki da ɗan danshi, musamman da hunturu.

Akwai kuma fata mai saurin fushi, da an taɓa ta da turare ko kurkur sai ƙaiƙayi da raɗaɗi. Duk sabon mai ki fara ɗiga shi a bayan kunne ki ba shi kwana 2.

Farare-fararen tabo a wuya da ƙirji kuwa ba lallai bushewa ba ce, yana iya zama ƙyasbi, mai ba ya kashe shi, likitan fata za ki gani.